Yadda Ake Koyon Kalmar "Troublesome" da Yin Amfani da Ita Daidai

Na daɗe ina koyar da Turanci da yamma, ga 'yan ajin ƙarshe na sakandare masu shirin WAEC da NECO, da kuma manya da suka dawo karatu bayan sun yi iyali. Wata rana na ba da aikin rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban makaranta, ɗalibi ya bayyana dalilin da ya hana shi zuwa makaranta mako biyu. Wata yarinya mai natsuwa, wadda ko muryarta ba a cika ji a aji ba, ta rubuta: *I have been troublesome since my father fell sick.* Abin da ke ranta shi ne tana cikin damuwa tun da mahaifinta ya kwanta rashin lafiya. Abin da ta rubuta kuwa shi ne ta zama fitinanniya tun da ya kwanta. Na kira ta gefe na fassara mata, ta rufe baki da mayafi, idonta ya kawo ruwa. Tun daga ranar nake ware wa wannan kalma darasi guda, kuma hanyar da nake bi ce zan shimfiɗa maka a nan.

Kayan da za ka tanada

Abu na farko ƙamus na Turanci zalla, irin wanda aka yi wa masu koyo, kamar na Oxford ko Longman ko Cambridge. Amfaninsa shi ne yana ba da jimlolin misali, kuma a jimla ake gane halin kalma. Dukkansu ukun suna da shafi a intanet inda za ka danna ka ji furuci kyauta. Na biyu ƙamus na Turanci zuwa Hausa. Akwai na Neil Skinner da ya fito a 1965, akwai kuma na Roxana Ma Newman na 1990, wanda ya fi shi faɗi. Sai littafin rubutu guda da ba za ka haɗa shi da wani darasi ba, da biro biyu, shuɗi na rubutu da ja na gyara. Sai wayar da ke ɗaukar murya. Sai tsohuwar jaridar Turanci, ko da wadda mai ƙosai ya naɗe maka ce, musamman shafin wasanni da na lafiya.

In ba ka da ƙamus, kuma ba ka da data, kada hakan ya tsayar da kai. Littafin tambayoyin jarrabawar baya da ake ara a hannun abokai ya isa ya ba ka misalai, rediyo kuma zai ba ka furuci. Abin da ba shi da madadi shi ne littafin rubutun, da minti 20 a kullum har mako guda.

Mataki na 1: Raba kalmar gida biyu

Rubuta ta da manyan haruffa a saman shafi, ka ja layi tsakanin *trouble* da *some*. Haruffa 11 ne, bakwai a gaba, huɗu a baya. *Trouble* ita ce wahala ko damuwa ko fitina. Ita kuwa *some* ɗin nan ɗafa-ƙeya ce, wato ƙarin da ake liƙa wa ƙarshen kalma, ba ita ce *some* mai nufin "wasu" ba, ko da yake rubutunsu ɗaya. Aikinta ya yi kama da na "mai ban" ko "mai sa" a Hausa. Yadda muke cewa mai ban tsoro, haka Bature ke cewa *fearsome*. Mai gajiyarwa *tiresome*, mai yawan faɗa *quarrelsome*, abin da ya zame wa mutum kaya *burdensome*. To, *troublesome* shi ne mai jawo wahala.

Asalin *trouble* daga Faransanci ne, tana cikin ɗimbin kalmomin da suka shiga Turanci bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi boko da Faransanci sun san *eau trouble*, wato ruwan da ya dagule. Ina son wannan hoton ƙwarai, domin shi ne zuciyar kalmar: ruwa yana kwance, wani abu ya zo ya dagula shi.

Hattara da abu biyu a nan. Ana rubuta ta a haɗe, ba a barin fili a tsakiya, kuma ba a yar da harafin *e* ko ɗaya daga cikin biyun. Na sha ganin *troublesom* da *troblesome* da *trouble some* a takardun ɗalibai. Sannan ba kowace kalma mai ƙarewa da *some* ce za ka fassara ta wannan hanya ba. *Handsome* kyakkyawa ne, ba ruwansa da hannu a Turancin yau.

Mataki na 2: Gyara furuci tun kafin ya zauna a baki

Gaɓa uku ce, kuma ƙarfin murya yana kan ta farko: TRA-bul-sam. Ta biyu da ta uku a sassauce ake faɗinsu, wasalinsu kamar an haɗiye shi.

Bahaushe yana cin karo da matsala biyu. Ta farko, Hausa ba ta fara kalma da baƙi biyu a jere, shi ya sa muka mai da *trailer* tirela, *bread* burodi, *primary* firamare. Saboda haka baki zai so ya ce "tirobul". Maganin shi ne ka fara da "ra", ka maimaita sau biyar, sannan ka ɗora "t" a gabanta ba tare da ka buɗe baki tsakaninsu ba: ra, ra, tra. Ta biyu, haruffan *ou* suna yaudarar ido, sai mutum ya ce "o". Sautin da ake so ya fi kusa da gajeren "a" ɗin da ke cikin "bas", motar haya. Wasalin *bus* da na *trouble* ɗaya ne.

Ɗauki muryarka a waya kana faɗin kalmar sau uku, ka saurari ta ƙamus, ka sake sauraron taka. Kunne ya fi kama kuskure a murya da aka naɗa fiye da lokacin da kake cikin magana. In ba intanet, kama sashen Turanci na BBC lokacin labarin ƙwallo. Masu sharhi suna yawan cewa ɗan wasa yana fama da *a troublesome knee*, wato gwiwar da ta ƙi warkewa.

Mataki na 3: Auna ma'anar da tambaya biyu

A nan ne aikin yake, kuma a nan nake so ka daɗe. Kafin ka sa *troublesome* a kan wani abu, yi wa kanka tambaya biyu.

Tambaya ta farko: wa ke shan wahalar? Abin da aka kira *troublesome* shi ne mai bayarwa, wani dabam ne mai karɓa. Wahalar daga gare shi take fitowa ta faɗa kan mutane. Maƙwabcin da ke kunna janareta a gindin tagarka har ƙarfe biyun dare shi ne *troublesome*, kai kuwa da ka kasa barci ba kai ba ne. Kuskuren ɗalibata ke nan, ta ɗora wa kanta sunan mai bayarwa alhali ita ce mai karɓa.

Tambaya ta biyu: wahalar tana dawowa, ko ta daɗe? Kalmar tana ɗauke da ma'anar naci. Abin da ya same ka sau ɗaya ya wuce ba a cika kiransa haka ba. Tuntuɓen da ka yi da safe ba *troublesome* ba ne. Amma tarin da ya kama ka tun farkon hunturu, ka sha magani ya lafa, iska ta kaɗa ya dawo, wannan shi ne *a troublesome cough*. Hausa tana da maganar da ta yi daidai da wannan: abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Akwai kuma "ya zame mini ƙarfen ƙafa". In ɗaya daga cikin waɗannan biyun ta dace da abin da kake son faɗa, to kusan kullum *troublesome* za ta dace.

Misalin da na fi ba ɗalibaina 'yan ƙauye shi ne ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Duk wanda ya taɓa noman dawa ko gero ya san shi. Yana maƙale wa saiwar shuka a ƙarƙashin ƙasa yana tsotse ta tun kafin ya fito, sai ka ga dawa ta tsumbure ba ka san dalili ba. Ka cire shi bana, irinsa yana kwance a ƙasa shekara da shekaru, baɗi ya sake tsirowa da furensa mai kyan gani. Shi ne mai bayarwa, manomi ne mai karɓa, kuma yana dawowa. Da Turanci *Striga* ake ce masa: *Striga is a troublesome weed.* Da na faɗi haka sai in ga kawuna suna gyaɗawa, domin sun riga sun san ma'anar a gona kafin su san ta a takarda.

Akwai iyaka ta sama da ya kamata ka sani. Kalmar tana da matsakaicin nauyi, tana nuna abin da ya addabi mutum, bai kai ga halaka ba. Ambaliyar da ta ci gidaje da rayuka ba a ce mata *troublesome*, mai karatu zai ga kamar ka raina musibar. A nan *devastating* ko *deadly* ake nema. Yoyon rufin ɗaki da kake tarar masa roba duk damina, wannan nata ne.

Yanzu rubuta abubuwa goma daga rayuwarka waɗanda suka ci tambayoyin nan biyu. Da Hausa za ka fara rubuta su: babur ɗin da ba ya tashi sai an tura, haƙorin da ke motsawa in ka sha ruwan sanyi, akuyar maƙwabta mai shigo maka gida.

Mataki na 4: Nemo Hausarta gwargwadon abin da ta siffanta

Kada ka rubuta fassara ɗaya ka haddace. Kalmar ba ta da takwara guda a Hausa, tana sauya riga bisa ga sunan da ke gefenta. In yaro ne, fitinanne ko mai rigima. In babba ne, mai neman fitina, ko wanda ya addabi mutane. In ciwo ne, mai naci, wanda ya ƙi jin magani. In inji ne, mai ba da wahala. In batu ne ko shari'a, mai sarƙaƙiya wanda ya ƙi ƙarewa. Raba shafi gida biyu, Turanci a hagu, Hausa a dama, ka cika shi da abubuwa goman da ka rubuta ɗazu.

Mataki na 5: Zaunar da ita a jimla

Sifa ce, kuma mazauninta biyu ne. Ko ta zo gaban suna, kamar *a troublesome neighbour*, ko ta zo bayan aikatau irin su *is*, *became*, *proved*, kamar *The engine became troublesome after the rains.* In kana son nuna wanda wahalar ta faɗa wa, yi amfani da *for*: *The new road is troublesome for traders.*

Yawancin kurakuran da nake gyarawa daga Hausa suke tasowa, mutum ya ɗauko ginin jimlarmu ya zuba masa kalmomin Turanci. Muna cewa "yana da fitina", sai ɗalibi ya rubuta *He has troublesome*. Ba a mallakar sifa a Turanci, daidai shi ne *He is troublesome*. Muna cewa "fitinanne ne" maganar ta cika, sai a rubuta *He is a troublesome* a tsaya. Da zarar ka sa *a*, dole suna ya biyo baya: *He is a troublesome boy*. In ba ka son sunan, cire *a* ɗin ma. Muna cewa fitinanne, fitinanniya, fitinannu, amma sifar Turanci ba ta sauyawa don jinsi ko jam'i, saboda haka *troublesome girls* ne, babu *troublesomes*. Wasu kuma suna mai da ita aikatau, su ce *Don't troublesome me*. Aikatau ɗin *trouble* ne kawai: *Don't trouble me*.

Sai batun *very* da *too*, wanda ya zama ruwan dare a Turancin Najeriya. *Very troublesome* na nufin yana ba da wahala ƙwarai. *Too troublesome* na nufin wahalar ta wuce a iya yin wani abu, kuma yawanci akwai ci gaba: *The car is too troublesome to keep*, wato motar ta cika ba da wahala har ba a iya riƙe ta. In ƙarfafawa kawai kake so, *very* za ka ɗauka.

Wajen kwatanci, doguwar kalma ce, ba a ƙara mata *er* ko *est*. Inda muke cewa "ya fi", sai ka ce *more troublesome than*, inda muke cewa "ya fi duka", *the most troublesome*. Kada ka yar da *more*. *This goat is troublesome than that one* kuskure ne da nake gani kusan kowane zango.

Mai da abubuwanka goma jimloli, biyar kalmar tana gaban suna, biyar tana bayan aikatau. Ka bar su su kwana, gobe ka duba su da jan biro. In kana da abokin karatu, ku yi musayar littafi, ido baƙo ya fi ganin aibu.

Mataki na 6: Bambanta ta da 'yan gidansu

Kalmomi huɗu ne suka fito daga tushe ɗaya, kuma su ne ke rikita mutane. *Troublesome* mai jawo wa wasu wahala. *Troubled* wanda damuwa ke cin sa a ciki. *Troubling* abin da ke tayar da hankali in an ji shi ko an gan shi. *Troublemaker* kuma suna ne, mutumin da ke haddasa rigima da gangan.

Dubi yaro ɗaya a aji. In yana tsokanar na kusa da shi kullum, yana hana malami koyarwa, *a troublesome child* ne. In yana zaune shiru, ba ya cin abinci, an rabu da mahaifiyarsa a gida, *a troubled child* ne. Shirun nasa, ga malamin da ya lura, *troubling* ne. Sau da yawa yaron da muka yi wa laƙabi na farko, in aka bincika, na biyun ne. Shi ya sa ba na son malami ya yi gaggawar rubuta *troublesome* a katin sakamakon yaro. Takarda tana daɗewa, uba zai karanta, wani malamin ma zai karanta ya ɗauki yaron da wannan ido. Gara a faɗi abin da ya yi: *He often distracts others in class.* Haka ma a wasiƙar ofis, kiran abokin aiki *troublesome* zargi ne, kada ka rubuta sai kana da hujjar da za ka iya karewa.

Abin da ɗalibata take nema shi ne *I have been troubled*, ko mafi sauƙi *I have been worried*.

Akwai kuma maƙwabta na waje. *Difficult* abu ne mai wuyar yi ko wuyar ganewa, ko da sau ɗaya ne. Tambayar lissafi mai wuya *difficult* ce, ba ta bin ka gida. *Annoying* mai ban haushi ne, ya fi sauƙi kuma an fi jin sa a hira. *Problematic* ta fi zama a rubutun ilimi, ga tsari ko ra'ayin da ke da matsala a cikinsa. *Stubborn* taurin kai ne, ƙin sauya ra'ayi ko ƙin jin magana. A Najeriya ana yawan ce wa yaro mai ƙiriniya *stubborn*, amma yaro yana iya yin ƙiriniya ba shi da taurin kai, yana kuma iya taurin kai yana zaune wuri ɗaya bai dami kowa ba.

Mataki na 7: Farauto ta, sannan ka gwada kanka

Kwana uku na ƙarshen makon, ɗauki jarida ka nemi kalmar. Duk inda ka same ta, kwafe jimlar gaba ɗaya, ka ja layi ƙarƙashin sunan da ta siffanta, ka yi mata tambayoyin nan biyu. In ba ka same ta ba, nemi wurin da marubuci ya ce *difficult* ko *annoying*, ka gwada sa *troublesome* a gurbin, ka ga ko ma'anar ta tsaya ko ta karkace.

Ga masu jarrabawa, a sashen fahimtar rubutu na WAEC akan ciro kalma a ce ka kawo wata da za ta maye gurbinta a cikin nassin. In *troublesome* ce, amsarka dole ta zama sifa, kuma ta shiga jimlar ba tare da an taɓa komai ba. *Bothersome* ko *annoying* za su shiga, *trouble* ko *problem* ba za su shiga ba domin sunaye ne. Mayar da amsarka cikin jimlar ka karanta a zuci kafin ka rubuta, kuma ka ba da guda ɗaya tak wadda ka tabbatar da ita.

Ga gwajin da nake rufe darasin da shi. Cike gurbi da *troublesome* ko *troubled* ko *troubling*, kada ka leƙa amsa sai ka gama.

1. *My grandmother has a ______ tooth that keeps her awake.*
2. *She looked ______ after reading the letter.*
3. *The doctor said the test results were ______.*
4. *Rats are more ______ after the harvest.*

Ta ɗaya *troublesome* ce, haƙorin ne ke ba kaka wahala kuma ya daɗe yana yi. Ta biyu *troubled*, damuwar a cikin matar take. Ta uku *troubling*, sakamakon gwajin yana tayar da hankalin mai jin sa. Ta huɗu *troublesome*, ɓeraye ne ke addabar rumbu duk kaka. Wadda ka faɗi a cikinsu, koma matakin da ya yi bayaninta, ka rubuta sababbin jimloli uku da abubuwan gidanku, ka ba wani ya duba maka da jan biro.